Ƙwayar da Ke Cikin Gwangwanin Ƙusa

Babanmu kafintan rufi ne. Ba ya haɗa gado, ba ya gyaran kujera, ko ƙofa ka kawo masa sai ya tura ka wurin wani. Aikinsa a sama yake: ya ɗora katako a kan gini, ya ja zare, ya shimfiɗa kwano, ya bi shi da ƙusa. Tun ina ƙarama, in muna tafiya a titi ba ya kallon gabansa, rufin mutane yake kallo, yana cewa wannan aikina ne, wancan kuma wanda ya yi shi Allah ya shirye shi. Inna takan ce ita dai ta fi sanin tafin ƙafar mijinta a kan fuskarsa, don kullum daga ƙasa take hango shi.

Shekaru sun ja, kai ya yi fari fat, amma ƙafa ba ta taɓa cin amanarsa ba. Hawan jini ne kaɗai ya same shi, shi kuwa wannan nawa ne. Ni nake kai shi asibiti, ni nake karɓo magani, ni na sayi na'urar awo na koyi ɗaura ta a hannu. Kowace safiya kafin in buɗe shagona na ɗinki sai na biya gida, na tsaya a kansa har ya haɗiye ƙwayoyinsa da shayi. Yakan yi tsaki ya ce, Uwata, ko wadda ta haife ni ba ta tsare ni haka ba. Ni kuma in ce to ai ga ta nan ta dawo. Ba na wasa da maganin nan, kowa a gidan ya sani, kuma ina da baki, wannan ma kowa ya sani.

Inna ce ta fara lura. Ta ce in ya tashi daga tabarma sai ya dafa bango ya yi shiru, kamar mai ƙoƙarin tuna inda ya ajiye wani abu. Da na tambaye shi ya ce tsufa ne, wa ya taɓa tsufa bai dafa bango ba. Na auna shi yana zaune, jinin ya yi kyau, ya ma fi kowane lokaci sauka. Har daɗi na ji, wallahi, na ce aikina ne yake ci.

Ba a jima ba sai ga Dogo a shagona. Dogo abokin aikin Baba ne, tare suke hawa tun kafin a haife ni, kuma ba mutum ba ne mai yawo shagon mata. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya ce in yi haƙuri, ba gulma ya kawo ba. Ya ce Baba yana tsugune yana buga ƙusa a kan wani gini mai hawa biyu, da ya miƙe sai ya yi tangaɗi, ya zube a kan kwanon ya rungume katako. Ya ce ba sau ɗaya ba ne. Kuma maganar ta kai kunnen ɗan kwangilar da suke wa aiki, ya ce in aka sake, ba zai bar shi ya ƙara taka tsani a wurinsa ba, don ba ya son gawa a gininsa.

Na rufe shago na ja Baba sai asibiti. Likitansa ya auna shi, ya duba idonsa, ya saurari ƙirjinsa, sannan ya tambaye shi ko akwai wani magani da yake sha bayan wanda aka rubuta masa. Ina zaune a gefensa, jakata a cinya. Baba ya kalle ni, ya kalli likita, ya ce babu. Aka ɗebi jini, sakamako ya fito lafiya lau. Likita ya ce wataƙila rana ce da rashin shan ruwa, ya riƙa shan ruwa sosai, ya rage hawa, in abin ya sake mu dawo. A hanya na yi ta masa faɗa a kan ruwa, na saya masa gora babba mai marfi, ya karɓa.

Da abin ya sake, a kan tsani ya same shi. Allah ya taimaka yana saukowa ne, ya kusa ƙasa. Ya faɗo a kan kafaɗa, goshinsa ya bugi bulo. Aka yi masa ɗinki, aka rataye masa hannu a wuya, Dogo ya kawo akwatin kayan aikinsa gida ya ajiye a tsakar gida. Washegari Inna ta ce in nemo mata ƙusa ɗaya ta kafa labulen ɗakin da yake kwance, don rana tana damunsa. Na buɗe akwatin, na ɗauko gwangwanin da yake zuba ƙusa, na juye shi a ƙasa. Tare da ƙusoshin sai ga sacet ɗin magani ya faɗo, an naɗe shi da leda, an sha fiye da rabi.

Na san duk ƙwayar da ke shiga bakin Baba, launinta da girmanta. Wannan ban taɓa ganinta ba. Ina tsugune ina jujjuya ta sai ga Yaya ya shigo duba jiki. Yaya shi ne babba a gidanmu, mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa, amma fuskarsa ba ta iya ɓoye komai. Yana ganin abin da ke hannuna ya tsaya cak, na san ya sani.

Na ja shi waje bayan ƙofa. Da ƙyar, yana kallon takalminsa, ya gaya min. Ashe Baba ya daɗe yana fama da fitsari. Ya je ya tsaya ya yi ta jira ba ya zuwa, in ya zo ɗis-ɗis, ya dawo bai jima ba ya sake jin matsi. A kan gini kuwa abin ya fi muni, ya hau ya sauko, ya hau ya sauko, har yaran aiki suka fara dariya a ɓoye. Bai iya gaya wa Inna ba, balle ni. Sai ya kira Yaya gefe, ya sa shi ya rantse, Yaya ya kai shi wani asibiti can ƙarshen gari inda ba wanda ya san mu. Aka ce wata tsoka ce a ƙarƙashin mafitsara, wadda ke kumbura wa maza in girma ya zo ta matse hanya, furostet suke ce mata. Aka ba shi wannan ƙwayar, kuma ta yi aiki, fitsari ya saki.

Na tambaye shi ko likitan can bai tambayi wani magani ba. Ya ce ya tambaya, Baba ya ce shi lafiyarsa lau, ba ya shan komai. Na ce kai kuma kana zaune, bakinka ciwo yake? Ya ce shi wallahi bai kawo na hawan jini a ransa ba, ya ɗauka wannan harkata ce, ba ta shafi wancan ba. Ai kuwa na sauke masa kwandon masifa. Na ce ashe raba Baba muka yi ban sani ba, daga cibiya zuwa sama nawa, daga cibiya zuwa ƙasa naka, kamar ba jini ɗaya ke zagaya jikin ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce a hankali, da ke ce ya sa kika rantse fa?

Mu uku muka koma wurin likitan hawan jini. Na ajiye sacet ɗin a kan tebur. Baba bai kalle ni ba tun daga gida, kuma a nan ma ƙasa yake kallo. Likita bai yi faɗa ba. Ya sa shi ya kwanta ya auna shi, ya sa shi ya miƙe tsaye ya sake aunawa, sai ga jinin ya faɗi warwas, Baba kuma ya kai hannu ya dafa gadon. Likita ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce maganin fitsarin yana sassauta tsokar da ta matse hanya, amma ba nan kaɗai yake tsayawa ba, har jijiyoyin jini yana sassautawa. Na hawan jini kuma dama aikinsa ke nan, sauke jini. In sun haɗu, mutum yana zaune ba ya jin komai, amma da ya miƙe sai jinin ya taru a ƙafa, kai ya rasa, ido ya yi duhu. Ga rana, ga gumi, ga tsuguno. Ya ce shi ya sa ake cewa a sha irin wannan lokacin kwanciya, sannan ya tambayi Baba yaushe yake sha.

Yaya ya ce an gaya musu da dare, shi ya ji da kunnensa. Likita ya sake tambaya. Sai Baba ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, a wurin aiki yake sha, da safe, in ya buɗe akwati zai ɗebi ƙusa.

Nan na gane komai. Da dare akwatin yana wurin aiki a kulle. In ya kawo maganin gida, Inna za ta gani, Inna kuwa ba ta iya ganin abu ba ta gaya min ba. Wuri ɗaya da ya tabbata hannun mace ba zai shiga ba shi ne gwangwanin ƙusa. Wato kullum ni in tsaya a kansa ya haɗiye nawa, ya fita, ya isa gini ya haɗiye na Yaya a kai, ya ɗauki guduma ya hau sama. Duk wannan don kada 'yarsa ta san yana wahalar fitsari.

Likita ya rage ɗaya daga cikin ƙwayoyin hawan jinin, ya mayar da na fitsarin lokacin kwanciya, ya ce kada ya kuskura ya hau ko kan kujera har sai an ga yadda jiki zai karɓa. Na ɗauka shi ke nan, an gano, an gyara. Ina! Jirin ya ragu amma bai tafi ba. Aka canja masa wani irin maganin fitsarin, wanda aka ce bai cika taɓa jini ba, ya ƙara sauƙi, amma duk ranar da aka yi zafi in ya tashi daga tsuguno sai ka ga idonsa ya tafi. Aka ƙara rage na hawan jini, sai jinin ya hau, kai ya dinga sara masa, aka mayar. Abin ya zama kamar guntun bargo, ka ja ka rufe kai ƙafa ta fito. Ni da nake taƙama na san kan maganin Baba, na koma ina zaune da na'ura a hannu, in auna shi a zaune, in auna shi a tsaye, in kalli lambobin ban san me zan yi da su ba.

Kafaɗa ta warke, shi kuwa yana gida. Ban taɓa sanin tsakar gidanmu ƙarama ba ce sai da na ga Baba yana zagaya ta. Ya wasa zarto, ya sake wasa shi. Ya ware ƙusoshi manya da ƙanana, ya sake haɗe su. Inna ta ce ya hana ta sakat, har yadda take shanya ya fara gyara mata. Dogo yakan biyo da yamma ya ba shi labarin gini. Rufin da suka fara an gama rabi, ɗan kwangila ya ɗaga wa Baba ƙafa saboda tsohon sabo, amma damina ta kusa kuma mai gidan yana matsa masa. Tsakanina da shi kuma wani abu ya shiga. Ya daina tsokanata da safe. In na miƙa masa magani ya karɓa ya ce an gode, kamar baƙuwa.

Sai kwatsam ya warware. Ya tashi daga tabarma zumbur ba dafa bango, ya tsuguna ya miƙe a gabanmu yana dariya, ya ce ku gani. Na auna shi a tsaye, lambar ta tsaya daram. Muka ce jiki ya saba, kamar yadda likita ya ce zai iya yiwuwa. Na so a jira ranar komawa asibiti, amma wa zai riƙe shi? Ya ɗauki akwatinsa ya fita. Ya dawo da yamma ƙura har gira, ya ci abinci kamar saurayi, ya tsokane ni a kan ɗinkin rigarsa da na karkata. Rabon da in ga Inna tana dariya haka har na manta.

Kwanaki kaɗan muka yi a cikin wannan daɗin. Wata rana da azahar Dogo ya kira ni a waya, ya ce in zo yanzu. Yaya ya yi tafiya, ba ya gari. Na sami Baba a bayan ginin, ya durƙusa ya dafe mara, gumi yana zuba kamar an watsa masa ruwa. Tun safe fitsari ya ƙi fita ko ɗigo, mara ta kumbura tim. A cikin tasi yana nishi yana cije leɓe ya gaya min gaskiya, don ya san za a tambaya. Ya daina shan na fitsarin. Da daddare in Inna ta miƙa masa, sai ya riƙe a hannu ya jefa a magudana. Ya ce rufin kawai yake so ya ƙarasa, in ya gama sai ya koma sha.

Riƙe masa kai kawai na yi, ina ce wa direba ya yi sauri.

A asibiti nas ta ce sai an sa masa roba ta fitar da fitsarin. Ya buɗe ido ya gan ni tsaye a kansa da takalmansa a hannu.

"Uwata, fita," ya ce.

Na fita. Na tsaya a baranda ina jin nishinsa ta bayan labule, na yi kuka har wata mata da ban sani ba ta miƙo min hankici. Da aka gama aka kira ni, don dole wani ya koyi yadda ake juye jakar fitsarin da yadda ake ɗaure ta a ƙafa. Nas tana nuna min, shi ya juya fuskarsa bango. Abin da ya yi ta ɓoyewa, har ya kusa rasa ransa a kai, ga shi a hannuna a cikin leda, da ɗuminsa. Ni na rako shi gida, ina tafiya a gefen da jakar take don kada maƙwabta su lura.

Bayan an cire robar aka mayar da shi kan maganin, jirin kuma ya dawo abinsa. Likita ya ce akwai wani magani mai rage kumburin kansa, amma yana ɗaukar watanni kafin a ga aikinsa, kuma ba kowa yake yi wa ba. Akwai aiki, wato tiyata, amma sai jini ya daidaita, sai an yi gwaje-gwaje, sai an bi layi. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambayar da ta kawo shi.

"Likita, zan ƙara hawa?"

"Baba, ba zan ce maka e ba, ba zan ce maka a'a ba. Amma ba bana ba."

Ɗan kwangila ya sa wasu suka karɓi rufin tare da Dogo. Ba wanda ya ga laifinsa, hadari ya fara haɗuwa. Da Baba ya ji, da safe bayan ya sha magani ya ce in raka shi wurin. Na ce me za ka je yi? Ya ce kallo. Na san ƙarya ne, amma na ga in ban bi shi ba shi kaɗai zai tafi, sai na rufe bakina na ɗauki mayafi.

Muna isa ma'aikatan suka gaishe shi daga sama. Ya amsa, ya zagaya ginin yana ɗaga kai, hannu a baya. Sai ya nufi tsanin da ke jingine. Na sha gabansa na ce Baba, don Allah. Ya ce in matsa. Wallahi na yi niyyar in kwantar da tsanin a ƙasa, in yi ihu, in tara masa jama'a, na iya duk wannan. Amma na kalli fuskarsa na kasa. Na kama tsanin da hannu biyu na danna ƙafata a gindinsa.

Ya fara hawa a hankali, yana ɗora ƙafa ɗaya ya kawo ɗayar kusa da ita. Bugun guduma ya tsaya a sama, kowa ya zuba ido. Ya kai wajen rabi ya tsaya. Ina jin tsanin yana rawa a tafin hannuna, kuma ba iska ake yi ba. Ya jingina goshinsa da katakon ya daɗe a haka. Dogo ya leƙo daga sama ya miƙo hannu, bai kai gare shi ba, ni ma daga ƙasa ban kai ba.

"Uwata," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "riƙe da kyau. Zan sauko."

Ya sauko. Na kai shi inuwa ya zauna a kan bulo, na ba shi ruwa ya sha. Can sai aka ci gaba da aiki a sama, guduma ta ko'ina. Ya zauna yana kallonsu, numfashinsa yana dawowa. Sai na ga ya ƙanƙance ido, ya karkata kai, ya ɗaga hannu yana nuna gefen gabas. Ya ɗaga murya ya ce layin can ya karkace, su sake jan zare kafin su buga. Ƙarar kwano ta cinye maganar. Ya sake faɗa da ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi. Ba wanda ya waiwayo, har Dogo, ya ba mu baya yana ta bugu.

Ya sauke hannunsa ya ɗora a gwiwa. Na ce bari in je in kira su. Ya girgiza kai, ya miƙo min hannu in tashe shi, ya tsaya ya jira duhun ya wuce daga idonsa.

"Mu je gida," ya ce.